Daga Ibada Zuwa Yawon Buɗe Ido: Nazarin Al'adar Hawan Dutsen Fuji Cikin Dare

Tsakure

Wannan muƙala ta dubi al'adar hawan Dutsen Fuji na ƙasar Japan cikin dare domin ganin fitowar rana daga ƙololuwarsa. Ta nuna cewa al'adar ta samo asali ne daga ziyarar ibada, kuma dokokin da hukuma ta kafa tun daga shekarar 2024 yunƙuri ne na cike gurbin tarbiyyar da ziyarar ta ƙunsa a da.

1.0 Gabatarwa

Fuji shi ne dutse mafi tsawo a Japan, domin tsayinsa ya kai mita 3,776. Dutse ne mai aman wuta, amma rabonsa da aman tun shekarar 1707. Yana da manyan hanyoyi huɗu da ake buɗewa daga watan Yuli zuwa farkon Satumba, kowace an kasa ta zango goma. A hanyar Yoshida, wadda ta fi cunkoso, mota kan kai mutum zango na biyar mai tsayin kimanin mita 2,300, daga nan sai tafiyar ƙasa ta awa biyar zuwa bakwai.

2.0 Tushen Al'adar

Japanawa na kiran fitowar rana a kan dutsen da suna goraiko, kalmar da ke nuni da zuwan haske mai alfarma. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, ƙungiyoyin ziyara da ake kira Fuji-ko sun yawaita. Mambobinsu kan tara kuɗi tamkar adashi, a tura wasu daga cikinsu kowace shekara a madadin saura. Kafin hawa, masu ziyara kan sauka a gidajen jagororin ibada da ke gindin dutsen, su tsarkake jiki da ruwa, su sa fararen tufafi, sannan su hau sannu a hankali ƙarƙashin shugaba. Ba a ba mata izinin hawa ba sai a 1872. Ke nan, ganin rana sakamako ne na dogon shiri.

3.0 Sauyin da Aka Samu

A yau ana hawan ta fuska biyu. Wasu kan kwana a ɗakunan baƙi na zango na bakwai ko na takwas, su tashi da tsakar dare da fitila a goshi, su isa ƙololuwa kafin rana ta fito tsakanin ƙarfe 4:30 da 5:00 na asuba. Wasu kuwa kan kutsa kai dare guda ba hutu, abin da Japanawa ke kira dangan tozan, wato hawan harsashi. Haɗarinsa a fili yake. Iskar shaƙa a ƙololuwa ba ta wuce kashi biyu cikin uku na ta bakin teku ba, don haka jikin da bai saba ba kan kamu da ciwon kai da jiri da amai. Bugu da ƙari, sanyin asuba kan kusa daskarar da ruwa ko da a tsakiyar lokacin zafi.

4.0 Shigowar Doka

A 2013 hukumar UNESCO ta sanya Fuji cikin wuraren gado na duniya, bisa matsayinsa na wurin ibada da tushen fasaha. A 2024 gwamnatin lardin Yamanashi ta sanya harajin yen 2,000 a hanyar Yoshida, ta taƙaita masu hawa zuwa 4,000 a rana, ta kuma rufe ƙofa daga ƙarfe 4:00 na yamma zuwa 3:00 na dare ga duk wanda bai kama ɗakin kwana ba. A 2025 harajin ya koma yen 4,000 a dukkan hanyoyin huɗu.

5.0 Kammalawa

Muƙalar ta gano cewa surar al'adar ta wanzu, amma shirin da ke kare ran mai hawa ya yi rauni. Haƙurin da jagoran ibada ke koyarwa a da, yanzu ƙofa da haraji ne ke tilasta shi, alhali kuwa sannu ba ta hana zuwa. Wannan abin lura ne ga manazarta al'adun da ke rikiɗewa zuwa abin kallon baƙi: ya kamata a binciki tarbiyyar da ke tafe da al'ada kamar yadda ake binciken surarta, domin ita ce kan fara salwanta.