Sunan Huckleberry Finn Da Abin Da Ya Bari

Yau ina so mu duba sunan wani yaro na cikin littafi, watau Huckleberry Finn. Mark Twain ya rubuta labarinsa, aka buga shi a Ingila a 1884, a Amurka kuwa a 1885. Shi kansa marubucin sunan aro ne ya ɗauka, sunansa na ainihi Samuel Clemens.

To, mene ne huckleberry? Wasu 'ya'yan itace ne ƙanana na jeji, kamar a ce magarya a wurinmu, ba mai shukawa, ba mai ban ruwa. Mutanen Amurka na wancan zamani su kan kira mutumin da ba a ɗauke shi a bakin kome ba da wannan suna. Finn kuwa, akwai wani mashayi mai wannan suna a Hannibal, garin da Twain ya tashi a bakin kogin Misisipi, masana da yawa suna ganin can aka samo shi. Twain ya ce halin yaron ya ɗauko shi daga wani abokin wasansa, Tom Blankenship, ɗan matalauta. Ashe tun ba a buɗe littafin ba sunan ya riga ya gaya mana matsayinsa.

Amma dubi abin da wannan yaro ya yi. Ya gudu daga ubansa mashayi, ya haɗu da Jim, bawan da ya tsere don kada a sayar da shi, suka bi kogi tare. A babi na 31 ya rubuta wa uwargijiyar Jim takarda don ya tona inda ya ke, gama an koya masa taimakon bawa zunubi ne. Ya tuna alherin Jim, sai ya yayyage takardar, ya ɗauka wuta zai shiga, ya kuwa yarda. A ganina duk littafin ba inda ya kai nan.

Tun a 1885 ɗakin karatu na garin Concord ya fitar da littafin, wai maganar yaron ta 'yan tasha ce. A 1935 Hemingway ya ce daga gare shi adabin Amurka na zamani ya fito. Daga baya gardamar ta koma kan wata kalmar wulakanta baƙar fata, wadda ta fito fiye da sau 200. Har a 2011 aka buga wani da aka musanya ta da "bawa". Ni ban goyi bayan haka ba. Gara malami ya bayyana wa aji zafin kalmar da tarihinta kafin a fara karatu.

A 2024 Percival Everett ya sake ba da labarin daga bakin Jim, ya kuma sa wa littafin cikakken sunan mutumin, James. Ya ci lambar Pulitzer a 2025.