Yaron da Ba Ya Jin Malam

Sau da yawa akan sami yaro a aji wanda malam zai kira sunansa har sau uku bai waiga ba. In an yi shifta, shi ne na ƙarshe. Sai a ce daƙiƙi ne, ko kuwa mai taurin kai, har a kai ga bulala. Alhali kuwa laifin ba na ƙwaƙwalwarsa ba ne, na kunnensa ne.

Abubuwan da kan raunana jin yaro su ne ƙyanda, da sanƙarau, da hangum, da shawara mai tsanani ga jariri, da ciwon kunne mai zubar da mugunya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2021 cewa yara miliyan 34 ne a duniya ke da raunin ji da ke bukatar taimako, kuma wajen kashi 60 cikin ɗari na irin wannan lahani ana iya kauce masa.

Akwai ma'aikata waɗanda aikinsu ke nan, watau masana gwajin ji. Da fari masani yakan leƙa kunnen yaro da 'yar fitila, domin ya ga ko dauɗa ce ta toshe shi, ko kuwa dodon kunne ne ya huje. Sa'an nan ya sa masa na'ura a kunne wadda ke fid da ƙara iri iri, siririya da kakkaura. Duk sa'ad da yaron ya ji, sai ya ɗaga hannu. Da haka ake sanin gwargwadon jin kowane kunne.

In ciwo ne, sai a tura yaron ga likita. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999. In raunin ya zauna, akan daidaita masa na'urar ƙara ji, a nuna wa iyaye yadda ake sauya batir da kiyaye ta daga ruwa da ƙura. Wanda ba ya ji sosai kuwa, sai a haɗa shi da makarantar da ake koyarwa da maganar hannu, kamar ta Tudun Maliki a Kano.

Masani yakan kuma ba malami shawara. A zaunar da yaron a gaba, nesa da taga mai hayaniya. Malam ya fuskance shi in zai yi magana, kada ya yi bayani yana fuskantar allo, gama yaron yana karanta leɓɓa. Muhimmin abu kuma a rubuta shi.

Wajibi ne iyaye su kai yara allurar rigakafi, kada kuma a ɗiga mai ko ruwan ganye a kunne mai mugunya. Yaron da aka gano rauninsa da wuri, aka taimake shi, yana iya karatu daidai da 'yan'uwansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.