Sunan Sigarin Lantarki a Hausa: Matsalar Faɗakar da Matasa a Ngaski

Hausa ta daɗe da kalmomin taba, kamar taba gari da lofe da sigari, kafin shisha ta shigo. Na'urar da Hon Lik ya ƙera a ƙasar Sin a 2003 kuwa, sunanta bai zauna ba tukuna. Wasu na cewa "sigarin lantarki", wasu kuma na kiran abin da take fitarwa "tururi". A nan gizo ke saƙar. A tunanin Bahaushe tururi na tukunya ne, har sirace ake yi da shi don neman lafiya, alhali abin da matashi ke zuƙa galibi yana ɗauke da nikotin, mai kama jiki, mai ƙara bugun zuciya, mai kuma illa ga ƙwaƙwalwa, wadda ba ta gama nuna sai wajen shekara 25.

A Wara da ƙauyukan bakin Tafkin Kainji, sana'ar su da tuƙin kwalekwale na buƙatar dogon numfashi, kamar yadda gasar Rigata ta Yawuri ke nunawa. Don haka ya fi dacewa mai faɗakarwa ya riƙe kalmar "sigari". Dokar taba ta 2015 ta hana sayar da taba ga wanda bai kai shekara 18 ba, kuma muddin aka raba na'urar da wannan suna, mai kanti zai ɗauka hanin bai shafe shi ba.