Shin feshin kariyar tsatsa a ƙarƙashin a-kori-kura yana da amfani?

TAMBAYA: Na sayi a-kori-kura 'yar Kwatano, an ce daga Kanada aka shigo da ita. Ina ɗaukar taki da amfanin gona da ita tsakanin gari da ƙauye. Mai fenti ya ce in kawo ya fesa mata baƙar roba a ƙarƙashi don kada tsatsa ta ci ta. Bakanikena kuma ya ce ɓarnar kuɗi ce, baƙin mai ya isa. Maganar wa zan bi? Daga wani manomi a Zariya.

AMSA: Allah ya sanya alheri a motar. Kada ka bi ko ɗaya tukuna, sai ka san halin da ƙarƙashin motar yake ciki. Ga dalili.

Tsatsa abu uku take buƙata: ƙarfe, ruwa da iska. Idan gishiri ya narke a ruwan, sai cin ya ƙara sauri. Shi ya sa sana'ar wannan feshi ta kafu a arewacin Amurka da Kanada, inda ake watsa gishiri a kan tituna lokacin sanyi domin narkar da ƙanƙara. A birnin Detroit aka kafa kamfanin Ziebart a 1959 saboda wannan aiki kawai. Ɓarnar kuwa ba ƙarama ba ce. A 2016 kamfanin Toyota ya amince da sulhun da aka ƙiyasta zai kai dala biliyan 3.4 a Amurka, kan tsatsar shasin motoci kusan miliyan 1.5 ƙirar Tacoma da Tundra da Sequoia.

Ka lura, shasi aka ambata, ba bodi ba. Yawancin motocin zamani tun daga masana'anta ake lulluɓe ƙarfen bodinsu da tutiya, a tsoma shi cikin fentin kariya. Ita kuwa a-kori-kura bodinta daban, shasinta daban, kuma shasin nan sau da yawa akwai rami a cikinsa. Laka da ruwa suna shiga ta ƙofofinsa su kwanta, tsatsa ta fara ci daga ciki, inda ido ba ya kaiwa.

Da a ce sabuwa ka saya, kuma a Zariya za ta yi rayuwarta, da na ce bakanikenka yana da gaskiya a batun ɓarnar kuɗi. Raninmu dogo ne, hunturu yana busar da komai, ba kuma a zuba gishiri a titunanmu. Mai mota a Legas ko Fatakwal ko Kalaba, inda iskar teku ke ɗauke da gishiri kuma laima ba ta yankewa, shi ne feshin ya fi yi wa rana. Sai dai abu biyu sun fitar da motarka daga wannan sauƙi. Na ɗaya, daga ƙasar gishiri ta zo, ta yiwu da cutarta ta sauka. Na biyu, kayan da kake ɗauka. Takin zamani yana jawo laima, NPK kuma yakan ƙunshi gishirin da ke cin ƙarfe. Haka kanwa da fitsarin dabbobi. Buhu ɗaya ya fashe, ruwan sama ya wanke shi zuwa kan shasi, ka samu abin da titin Kanada yake yi.

Saboda haka ka fara kai ta wurin wanki mai rami, a wanke ƙarƙashin tas, a bari ya bushe. Ka shiga ramin da kanka da tocila da ƙaramar guduma. Duba inda sifirin ya kama shasi, da saman tayar safaya, da bututun birki, da ƙarafan da ke riƙe da tankin mai. Tsatsar da ke sama-sama, ja kawai, ba abin tsoro ba ce. Wadda ke ɓamɓarewa falle-falle tana buƙatar aiki. Idan guduma ta loɓa ƙarfen ko ta huda shi, magana ta bar hannun mai fenti ta koma wajen ƙwararren mai walda, domin shasi ne ke ɗauke da kaya da rayukan mutane. In kuma ka tarar da sabon baƙin fenti mai sheƙi a ƙarƙashin tsohuwar mota, ka kankare ka ga abin da aka rufe.

Feshin da mai fentinka yake nufi, mai roba ko kwalta, yana bushewa ya yi kauri. A kan ƙarfe mai tsafta yana da amfani, yana tare tsakuwa, yana rage ƙara. Amma a kan tsatsa illa ne. Kamar shafen siminti ne a jikin katangar ƙasa mai laima: waje sumul, ciki yana ruguzowa. Da zarar robar ta tsage, ruwa ya shiga ya rasa hanyar fita.

Akwai wani nau'in kuma, mai kama da mai ko kakin zuma, irin su Fluid Film da Krown. Shi ba ya daskarewa, yana ratsa lunguna da cikin shasi, yana korar ruwa, kuma ba ya ɓoye abin da ke ƙasa. Aibinsa shi ne yana wankewa, sai an sabunta shi duk shekara, ƙura kuma tana manne masa. Ga motar da ta riga ta sha gishiri, shi ya fi dacewa.

Baƙin mai fa? Gaskiya yana tare ruwa na ɗan lokaci, shi ya sa bakanikai suke yabonsa. Amma yana lalata robobin ƙarƙashin mota, yana ɗiga ya gurɓata ƙasa da ruwa, idan kuma ya taɓa birki ko salansa mai zafi akwai haɗari. Ban ba ka shawararsa ba.

Abin da zan yi da ni ne kai: a goge tsatsar da burushin waya, a shafa maganin kashe tsatsa da fentin ƙarfe, sannan a fesa nau'in mai ɗin, har cikin shasi, kafin faɗuwar damina. A kauce wa birki da salansa, kada kuma a toshe ƙofofin fitar ruwa. Ka riƙa shimfiɗa tamfol kafin loda taki, ka share ka wanke bayan saukewa. Duk ranar da ka ratsa taɓo, a wanke ƙarƙashin kafin lakar ta daskare.

Feshi yana da amfani a motarka, Malam, muddin an duba, an gyara, an kuma zaɓi irin da ya dace. Idan kuɗin bai kai ga duka ba, ka fifita gyara da wanki. Allah ya ba da damina mai albarka.