Amsar Tambaya: Na Goge Motar Wani a Agadas

Malam, ina ja da baya kusa da Babban Masallaci, sai na fasa fitilar motar wani, tawa kuma ta lotsa. Wa zai biya?

Ɗan'uwa, fukaha'un Malikiyya sun daɗe da yanke cewa wanda ya lalata dukiyar wani, da gangan ko bisa kuskure, lamuninta na wuyansa. Saboda haka, in dai motar bawan Allahn nan tsaye take, kai ne mai motsi, alhaki naka ne. Sai dai asurans ta tilas, wadda dokar asurans ta CIMA ta wajabta a Nijar, ita ke ɗauke maka wannan lamuni, ta biya fitilarsa, amma lotsawar taka ba ruwanta da ita, sai in ka sayi wata asurans mai rufe motarka. Ko a nan akwai faranshiz, wato kason da ka yarda ka ɗauka da kanka: in jika 50 ne, gyara kuwa ya ci jika 40 wajen mai bugun mota, ko dala kamfani ba zai ba ka ba. Kada kunya ta hana ka kiran 'yan sanda su rubuta konsta, wato rahoton hatsarin, ka kuma sanar da kamfani cikin kwana 5.