Yadda Ake Gwada Turare Kafin a Zaro Kuɗi

Duk wanda ya taɓa zaman jiran mota ta cika a tashar Kwangila ya san mai turare. Yana tafe da ɗan akwatin gilashi ko faranti cike da ƙananan kwalabe, kafin ka ce a'a ya riga ya goga maka a bayan hannu. Ka shinshina ka ji daɗi, kwandasta na ta ƙwala kiran saura mutum ɗaya Funtuwa, sai ka zaro kuɗi. Mota ba za ta wuce Giwa ba ƙamshin ya gudu, ko kuma ya rikiɗe ya koma wani abin da ba shi ka saya ba. Laifin ba na mai talla kaɗai ba ne. Ƙarƙashin gadar Kwangila, tsakanin hayaƙin tireloli da na mai tsire da ƙaurin fetur, babu hancin da zai yanke hukuncin kirki cikin minti biyu. Abin da mutum ke biya wa kuɗi a turare shi ne awoyin da zai yi yana tashi a jikin rigarsa, kuma awoyi ba sa gwaduwa a tsaye bakin mota.

Gwajin daga gida yake farawa. Ranar da za ka gwada turare kada ka shafa wani, kada ka sa rigar da aka turara, man shafawa ma ya zama marar ƙamshi. In kana mura, ɗaga tafiyar. Safiya ta fi, kafin hanci ya sha ƙura. Ka yanko ƙyallen farin yadi guda uku ka sa a aljihu, ka riƙe biro. In lokacin hunturu ne, ka ɗan murza basilin a inda za ka gwada, domin busasshiyar fata ba ta riƙe ƙamshi, turaren kirki ma sai ta sa ka raina shi.

Da ka isa wurin mai turare, ko a Kwangila ne, ko shagunan PZ, ko cikin kasuwar Sabon Gari ko ta Tudun Wada, fara raba kayan gida biyu a ranka: na mai da na feshi. Na mai yana lafewa a jiki, sai wanda ya matso kusa zai ji shi, amma yana daɗewa. Na feshi an narkar da shi ne a cikin sinadarin barasa, shi ya sa yake cika ɗaki da zarar an fesa, yake kuma saurin sauka. Malamai sun yi saɓani a kan sallah da irin wannan, wasu sun halatta wasu sun ƙyamata, don haka wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tsaya a na mai, ba a rasa masu kyau a cikinsu. A jikin kwalin na feshi za ka ga an rubuta EDT ko EDP. A al'adar masu haɗa turare, na farkon yana ɗauke da tsantsar ƙamshi kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari, na biyun kashi 15 zuwa 20. Al'ada ce kawai, kowane kamfani da ma'auninsa, saboda haka rubutun ya zame maka ɗan haske, kada ya zama hujja.

Kada ka wuce uku. Mai shago zai so ya buɗe maka goma, don ya san daga na huɗu hancinka ya gaji, komai daɗi zai yi maka. Shinshina bakin kwalabe daga ɗan nesa, ka ware ukun da suka ja hankalinka, ka ce masa, "Malam, waɗannan zan gwada, sauran sai wani jiƙon." Kowanne a ɗiga ko a fesa sau ɗaya a ƙyalle guda, ka rubuta sunansa da lokacin a gefe. Tsakanin ɗaya da ɗaya ka shinshina hannun rigarka, hanci zai dawo daidai. Wasu shaguna na ajiye 'ya'yan gahawa don wannan, amma wani ƙamshin ne kawai ake ƙara wa hancin da ya riga ya gaji.

Sai gwajin fata, kuma a nan ne mutanenmu suka fi yin asara ba su sani ba. Kowa wuyan hannu yake miƙawa, don haka ake gani a talla. To amma kai mai alwala ne. Kafin azahar ta wuce ka wanke hannu har gwiwa sau uku, gwaji ya bi ruwa. Naɗe hannun riga ka sa a damtse, sama da gwiwar hannu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, na ukun ya tsaya a ƙyalle. Kada ka murza. In na feshi ne, ba shi rabin minti barasar ta tashi kafin ka kai hanci, in ba haka ba yajinta kawai za ka shaƙa.

Daga nan sai ka yi sallama ka tafi harkarka. Wannan ne mataki mafi wuya, don mai kaya zai ce saura kwalba ɗaya, kuma wani Alhaji ya ce a ajiye masa. Ka ce Allah ya sa rabonka ce, ka wuce.

Dalilin tafiyar shi ne turare hawa uku ne. Abin da ke dukan hanci da farko sinadarai ne marasa nauyi, irin su lemo da na'ana'a, cikin kwata ɗaya na awa sun tashi. Su ne ke sayar da kwalba, masu haɗawa kuma sun san haka, shi ya sa turare mai arha yake zuba duk ƙarfinsa a nan. Bayansu sai na tsakiya, furanni da kayan yaji kamar kirfa da kanumfari, su yi awa biyu ko uku. Can ƙasa kuma akwai masu nauyi, almiski da sandal da ambar da oud, waɗanda za su kwana a riga. Su ne mutane za su san ka da su a sahu da wurin aiki. Lokutan sallah sun ishe ka agogo: in ka shafa da hantsi, shinshina da azahar, ka sake da la'asar, sannan da magariba. Wanda ya kai la'asar a damtse yana nan da ransa ya ci jarrabawa. Wanda ya kai magariba, riƙe sunansa. Ƙyallen kuma ka bar shi ya kwana, ka duba da safe, ka ga ko ya bar tabo, kada ka je ka ɓata farar gezna ranar Juma'a. Ka kuma tambayi mutanen gida, don hancin mai turare yakan saba da shi har ya daina ji alhali na kusa da shi na shan wahala. Wanda ya hau maka kai ko ya sa fata ƙaiƙayi, ko kyauta aka ba ka, bar shi.

Maganar algus fa? A turaren mai da ake ɗurawa daga manyan gwangwanaye, sirkin da aka fi yi shi ne da wani ruwa mai kauri marar ƙamshi da ake kira DPG. Shi kansa ba haram ba ne a sana'ar, kamfanoni ma suna amfani da shi, matsalar ita ce a cika shi sannan a sayar maka da kuɗin tsantsa. Kauri ko duhun launi ba sa nuna kyau, duka ana iya ƙirƙirarsu. Hanyar ganewa ita ce ka ɗiga iri ɗaya daga wurin mutum biyu a ƙyalle biyu, ka ga wanda zai riga mutuwa. A na kwali kuwa, duba lambar da aka buga a gindin kwalba, ta dace da ta jikin kwalin. Duba rubutu ko akwai harafin da ya faɗi, murfi ko yana zama daram, bakin feshin ko yana fitar da raɓa mai laushi ko tsartuwa yake yi. Wanda aka yi a gida Najeriya ko aka shigo da shi ta hanya, a nemi lambar NAFDAC. Kuma in aka ce maka ga kwalbar da ake sayarwa da tsada ko'ina amma kai an yi maka rabin kuɗi, ka san abin da ke ciki.

Oud na bukatar tasa maganar. Na gaskiya daga itacen Aquilaria ake samunsa, a Assam ta Indiya da Kambodiya da Indunusiya da maƙwabtansu, kuma ba kowace bishiya ke bayarwa ba, sai wadda ta ji rauni cuta ta shige ta, ta yi ta fitar da baƙin ƙaro shekara da shekaru. An sare itacen har ya yi ƙaranci, ya shiga cikin waɗanda yarjejeniyar CITES ta sa wa ido tun 1995. Don haka ɗan kwalbar da aka rubuta wa oud ake sayarwa kuɗin kwanon shinkafa haɗin sinadarai ne. Ba aibu ba ne, wasu ma suna da daɗi sosai, almiskin da ke cikin kusan kowane turare a yau shi ma na haɗi ne, tun 1888 aka fara yin sa a ɗakin bincike. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a karɓi kuɗin na daji a ba ka na kamfani.

Yanzu sai lissafi, wanda kusan ba mai yi. Feshi ɗaya yana fitar da kimanin kashi ɗaya cikin goma na mil, wato kwalba mai mil 100 tana ba da feshi wajen 1,000. A ce, don misali, wata naira 30,000 ce, feshi huɗu da safe sun kai ka dare. Naira 120 ke nan a rana, kuma za ta yi maka kwana 250. Wata kuma mai girma ɗaya naira 10,000, amma sai ka fesa shida sau uku a yini. Naira 180 ke nan a rana, ta ƙare cikin kwana 55 ko 56. Kafin mai tsadar ta ƙare ka sayi mai arhar huɗu da rabi. Ba kullum mai tsada ke cin wannan gasa ba, sau da yawa ɗan turaren mai na mil 6 yakan kayar da su duka. Na mai ana auna shi ne da tola, ma'aunin Indiya mai nauyin giram 11.66, shi ya sa kwalabensa suke zuwa mil 12 da 6 da 3. Raba kuɗin da yawan mil kafin ka kwatanta na mutum biyu. Sabon turare kuma fara da mil 3, ko da ya fi tsada a lissafi, ka zauna da shi mako guda.

In aka ce in ambaci kwalabe, da Bint El Sudan zan fara, Bintu Sudan ɗin iyayenmu. Kamfanin W.J. Bush na Landan ne ya fito da shi a 1920, bayan wakilinsa Eric Burgess ya je Sudan, kuma kamfanin Gongoni na Kano ya daɗe yana ɗura shi a kwalbar nan mai mil 12. Na mai ne, babu barasa. Samari na cewa ƙamshin tsofaffi ne, amma a gwajin kwana a ƙyalle kaɗan ne ke kamo shi a farashinsa, shi ya sa masu haɗa humra da turaren wuta ba su rabu da shi ba. Ga ɗalibin jami'a na Samaru ko Kongo mai ƙaramin aljihu, 'yan mil 6 na Al-Rehab, kamfanin Jidda, sun wadatar: Silver mai sanyi don zafi, Sultan mai ƙamshin itace, Choco Musk ga mai son zaƙi, ko da yake ni yana gundurata kafin la'asar.

A na feshi, kamfanonin Daular Larabawa ne suka mamaye kantuna. Asad na Lattafa mai nauyi ne, yaji da zaƙi, ya dace da sanyin Disamba da Janairu. Khamrah, wanda suka fitar a 2022, kirfa ne da dabino, yana kama kaya ƙwarai, amma wanda ya fesa shi sau shida a watan Afrilu ya shiga motar haya ya zalunci abokan tafiya. Na bazara shi ne Hawas na Rasasi, kamfanin da aka kafa a Dubai a 1979. Club de Nuit Intense Man na Armaf kuwa shi ne babbar shaidar cewa ba a yanke hukunci a minti na farko: yana buɗewa da lemo mai kaifi har ka yamutsa fuska, bayan rabin awa ya kwanta ya zama wani abu daban. Mai neman man oud na sosai, in aljihu ya yarda, ya dubi na Ajmal, gidan da ya faro daga Assam a 1951, ya kuma saya wurin dillalin da zai iya komawa gare shi. Waɗannan sunaye da suka yi tashe su ne kuma aka fi yi wa jabu, don haka duk binciken kwali da aka faɗa a baya a kansu ya fi wajaba.

Humra ba ta da kwali balle lamba, amanar mai haɗawa ce kawai. Abin tambaya shi ne, "Hajiya, yaushe aka haɗa ta?" Wadda ta tsumu ta fi sabuwa nesa ba kusa ba, sabuwa takan yi kaifi, kayan cikinta ba su gama shiga juna ba. Ita ma a gwada ta a ƙyalle, don tana da tabo.

In ka koma washegari da ƙyallenka a hannu, ciniki ya sauya. Mai kaya ya ga ka san abin da kake so, kai kuma ba ka cikin gaggawa. Yi tayi, in ya ce albarka ka ƙara kaɗan, in na ɗuri ne a ɗura a gabanka daga gwangwanin da ka gwada, ba daga wani na ƙarƙashin tebur ba. Kada ka karɓi kwalbar da ta yini a rana a kan faranti, nemi ta cikin kwali. In da hali ka yi sayayyar kafin goman ƙarshe na azumi, lokacin da kowa ke neman na Sallah kuma ragi ke wuya. A gida ka ajiye ta cikin kwalinta a durowar kaya, nesa da taga. Aljihun gaban mota, inda direbobi da yawa ke ajiye nasu, zafinsa a watan Maris yana iya juya turare mai kyau ya yi tsami kafin damina ta sauka.