Darasin Tattalin Arziki: Bambancin Tikiti Da Bauca

Tikiti da bauca kalmomi ne da Hausa ta aro daga Ingilishi, kuma sau da yawa jama'a kan ɗauke su abu guda, tun da kowannensu 'yar takarda ce da ake damƙa wa mutum a hannu. A ma'aunin tattalin arziki kuwa, akwai rata mai faɗi a tsakaninsu.

Tikiti shaida ce ta kuɗin da aka riga aka biya. Fasinjan da ya yanki tikiti a tashar Mutum Biyu, hedkwatar ƙaramar hukumar Gassol, domin zuwa Jalingo, ya sayi wurin zamansa a mota, ba a binsa ko kwabo. Haka yake ga tikitin da ma'aikacin haraji ke yanka wa mai rumfa ranar kasuwa. Ciniki ne tsakanin mai biya da mai karɓa, ya kuma ƙare nan take.

Bauca kuwa alkawarin biya ce, kuma dole a sami na uku a cikin maganar, wato wanda ya ɗauki alkawarin. Ma'aikatan baitulmali sun san ta da daɗewa: takarda ce mai ba da izinin fitar da kuɗi, amma ba kuɗin ba ce.

Manoman Taraba sun ga misalin wannan a 2009, lokacin da gwamnati, tare da cibiyar bunƙasa takin zamani ta duniya, IFDC, ta gwada rabon taki ta hanyar bauca a jihohin Kano da Taraba. Manomi yakan kai baucarsa wurin dillali, a rage masa wani kaso na farashin buhu, shi kuma ya cika sauran daga aljihunsa. Daga baya dillalin ya gabatar da baucar a biya shi. A 2012, zamanin da Akinwumi Adesina yake ministan aikin gona, aka mayar da baucar saƙon wayar salula, inda manomi ke samun buhu biyu a kan rabin farashi.

A nan ne rikicin kalmomin ke zama asara. Wanda ya zaci bauca tikiti ce, zai je shagon dillali hannu rabbana, ya komo gida babu taki, damina kuwa ba ta jiran kowa. Wani ma, da ya ga ba shi da kuɗin cikawa, sai ya sayar da rabonsa da arha ga ɗan kasuwa, tallafin da aka nufe shi da shi ya faɗa aljihun da ba ya bukata.

Akwai kuma abin da, a ganina, ba a cika kula da shi ba: darajar bauca tana rataye ne a wuyan wanda ya ɗauki alkawari. A ƙarƙashin shirin wayar salula, dillalai da dama sun daɗe suna bin gwamnati bashin kuɗin takin da suka riga suka bayar. Dillalin da jarinsa ya maƙale haka, ba zai yi marmarin karɓar bauca a damina mai zuwa ba.